Kawu, Sakataren da Ba Ya Zama Ofis

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa a ƙofar gidan Kawu, nan Ƙofar Kware, kuma a cikin kwana ukun ban taɓa cika rabin awa a kan tabarma ba. In tashi in duba ruwan sha, in dawo, in sake tashi in ja igiyar rumfar da ba abin da ya same ta. Har ƙanena ya riƙe mini gefen riga ya ce, "Yaya, zamna dai, mutane na kallonka." Na zauna. Kafin a shafa fatiha ta gaba na sake miƙewa.

Na san za a taru, amma ban zaci irin waɗanda za su zo ba. Likitocin da suka bar asibitinmu tun ina sakandare, wasu daga Zariya, wasu daga Abuja, sun ajiye abin da suke yi sun hau hanya. Wata tsohuwa da ta yi shekaru tana share ɗakin haihuwa ta tsaya a bakin rumfa, ta ɗaga murya ta ce, "Cikin manya dut, shi kaɗai ka tsayawa shi tambaye ni ciwon ƙahwata." Ta wuce cikin gida tana kuka, ta bar maza suna kallon ƙasa.

'Yan kasuwar da suka haɗa hannu suka gina asibitin, waɗanda su ne hukumarsa, sun zauna gefe guda da manyan rigunansu. Likitoci suka zauna ɗaya gefen. Tsakaninsu akwai tabarma ɗaya da ba kowa a kanta, kuma ba wanda ya tsara hakan. Wani tsohon likitan tiyata da furfura ta gama cinye kansa ya dubi tabarmar, ya dube ni, ya ce a hankali, "Ga wurin zamanai nan."

Ni ne aka ba kujerar Kawu shekara biyu da suka wuce, kuma a ranar, a aljihun teburina, akwai takardar ajiye aiki ta likitar mata ɗaya tilo da muke da ita. Saura kwana tara wa'adinta ya cika ta tafi. Ni na jawo ta rubuta takardar, Kawu kuma ya bar duniya yana kan gyara abin da na ɓata. Ina so a san wane irin mutum ne, shi ya sa na zauna rubuta wannan, ko da zai fito da nawa laifin fili.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Da mahaifina ya rasu shi ya ɗauke ni, a gidansa na girma, shi ya aurar da ni. Ya riƙe muƙamin sakataren asibitin tun yana 'yan ɗakuna a bayan Tudun Wada har ya zama mai bene. Ba likita ba ne. Jini ma ba ya iya kallo. Ranar layya ɗaki yake shigewa sai an gama fiɗa, matarsa tana yi masa tsiya ta taga, wai ga babban ma'aikacin asibiti can ya ɓuya wa rago.

Yana da ofis, da kujera mai juyawa, da fanka, amma in ka same shi a ciki to alwala ya zo sakewa. Ma'aikata sukan ce in kana neman sakatare, nemi likitan da ransa ya fi ɓaci a ranar, za ka gan shi kusa. Abin da yakan faɗa shi ne, "Likita ba a kiranai ohis, iske shi aka yi." In ka tambaye shi dalili sai ya ce wanda ka kira ofis ya baro mutum goma a benci suna jiransa, kafin ya hawo bene ya riga ya hasala, me kuma za ka gaya masa ya ji? Sai ka gan shi a ƙofar ɗakin tiyata, ya ba gilashi baya don kada ya hango abin da ake yi, da kwanon fura a hannu. Sai likita ya fito, ya wanke hannu, ya sha, ya yi hamdala, sannan Kawu zai fara da tambayar iyali. Saƙon hukuma shi ne na ƙarshe, kuma takardarsa ba ta hawa allo sai ya bi kowane likita ya faɗa masa da baki.

Shekarar da zai ajiye aiki na zama mataimakinsa, a nan na ga abin da ya ɗaure mini kai. Likitoci sun matsa a gyara janareto, wuta tana ɗauke musu ana tsakar aiki. A gabana ɗaya daga cikinsu ya ce ciyaman ɗin hukuma ya ɗauki asibiti kamar rumfar hatsinsa. Muka je kasuwa wurin ciyaman, babban dillalin gero ne, sai na ji Kawu yana cewa, "Alhaji, yaran ga sun gaji, amma abin da ka damunsu kada wuta ta ɗauke ana tiyata sunanka shi ɓaci cikin gari." Alhaji ya yi tsaki ya ce wanda bai iya ba ya ajiye, likitoci sun cika gari. Muka komo asibiti, Kawu ya tara su ya ce, "Alhaji shina gaishe ku, ya ce ku ba shi 'yan kwanaki."

A mota na kasa haƙuri. Na ce, "Kawu, wagga ai ƙarya ta."

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Mi likitoci ka so? Wuta. Mi Alhaji ka so? Kar a rena shi. Su nik kai. Zagin ba aiko ni da shi anka yi ba, zubowa yay yi."

A makon aka gyara janareto. Ban gamsu ba duk da haka, kuma har yau ban gamsu duka ba. Kawu yana da nasa aibin, ba zan ɓoye don ya mutu ba. Komai na asibitin a kansa yake, ba ya rubutawa, ba ya yarda wani ya taya shi. Kwamfuta kuwa cewa ya yi sai dai a koya wa jikokinsa. In likita ya kawo takardar ajiye aiki, sai ya ninke ta ya sa a aljihu, hukuma ba za ta gani ba sai bayan kwana uku, bayan ya je gidan mutumin ya zauna sun yi magana. Biko yake kiran wannan tafiya, likitocin suna dariya, shi ko a jikinsa. Da yawa sun karɓi takardarsu sun yaga. Amma shekarar da ya tafi aikin hajji, kafin ya dawo likita biyu sun tafi, domin ba wanda ya san yadda ake magana da kowa.

A zaman makokin ne tsohon likitan tiyatar nan ya ba mu labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce yana sabon likita wata mata daga wani ƙauye gaba da Kware ta rasu a hannunsa. Ya shige ɗakin ajiyar magani ya zauna a kan kwali, ya yanke wa kansa cewa ya gama aikin likita. Kawu ya shigo ya zauna kusa da shi har aka kira la'asar, bai ce masa uffan ba. Washegari ya ɗauko shi a bayan babur ya ce za su je ta'aziyya. "Walle na ɗauka kashe ni za a yi," in ji shi. Da suka isa, mijin matar ya fito ya tsaya yana kallonsu, ya ce, "Likita da kanai?" Ya shimfiɗa musu buzunsa na salla, ya riƙa ba likita haƙuri, shi da aka yi wa mutuwa. Tsohon ya share ido da hularsa ya ce duk wanda ya yi wa aiki daga ranar zuwa yau, da ladan Kawu a ciki.

To, sai aka ba ni kujerar. Na yi karatun tafiyar da asibiti, ina da takardu, ina da ɗoki, hukuma kuma ta ce zamani take so. Na buɗe guruf a waya na zuba kowa a ciki, tun daga ciyaman har mai gadi, don kowa ya ji komai a lokaci guda. Na kafa akwatin shawara. Na fito da fom na koke. Ba zan ce duk banza ba ne, jadawalin aiki ya daina ɓacewa, albashi ya daina zama jita-jita. Amma na zauna a ofis na kunna fankar da Kawu bai mora ba, sai in yi mako ban taka ɗakin haihuwa ba.

Daga nan na ƙirƙiro taron wata-wata, na sa masa suna mai tsawo, taron inganta sadarwa tsakanin hukuma da likitoci. Na sa shi ranar Talata da ƙarfe goma na safe, don lokacin ne ciyaman ya ce yana da sarari. Ban tambayi likita ko ɗaya ba. Talata kuwa ita ce ranar awon ciki, ranar da matan ma'aikatan kamfanin siminti na Kalambaina da na ƙauyuka suke cika benci tun da sassafe, wasu a zaune a ƙasa.

Sai a san wace ce likitar nan. Ta girme ni, ta riga ni shiga asibitin da shekaru. Akwai magidanta da yawa a ƙauyukanmu da ba za su bar namiji ya duba matansu ba, ko ana ganin daidai ne ko ba daidai ba, haka abin yake. Saboda ita suke kawo su. In ta tafi, ba wani asibitin za su koma ba, gida za su zauna sai abu ya ɓaci a ɗauko su ranga-ranga. Na san wannan sarai, ba wanda zai ce ban sani ba.

Ranar taron rabin kujeru ba kowa. Ciyaman ya dubi kujerun, ya dubi agogonsa, ya dube ni. Kunya ta rufe ni, kunyar ta koma fushi. Kafin motarsa ta fita ƙofa na rubuta sunayen waɗanda ba su zo ba na tura a guruf, nata a sama don ita ce babba, na ƙara da cewa kowa ya kawo bayani a rubuce kafin gobe. A lokacin tana ɗakin tiyata tana ciro jariri daga cikin wata mata da aka kawo a bayan motar ɗaukar dutse. Ta fito ta cire safar hannu, ba ta ma duba waya ba tukuna. A bakin ƙofa mai gadi ya rusuna ya ce mata, "Sannu Likita, Allah shi kiyaye gaba." A bakinsa ta fara jin an tuhume ta.

Ba ta ce komai a guruf ba. Da safe na tarar da takardarta a kan teburina, layi uku, wa'adin wata guda.

Mako biyu na yi ina kewaye-kewaye. Na tura mata saƙo cewa ana gayyatarta ofis don tattaunawa, ta amsa da kalma biyu, "Ina asibiti." In na hango ta a baranda sai in karkata ta wajen ɗakin magani kamar ina da aiki a can. Barci ya gagare ni, abinci ya fita raina, matata ta gaji da tambaya. Abin da nake gaya wa kaina shi ne in na ba ta haƙuri ba wanda zai sake bin umarnina. Gaskiyar kuwa girman kai ne, da tsoron idonta.

Daga ƙarshe na je wurin Kawu. Na same shi a zaure, ƙafafunsa a kumbure an tokare su da matashi, ciwon zuciya ya riga ya ci ƙarfinsa. Labari ya riga ni isa, babbar nas ta kai masa.

"Na ji ka yi taron gyaran magana," ya ce. "Ƙaƙa, ta gyaru?"

Da na yi dariya da an wuce wurin. Sai na hau. Na ce shi ya sangarta likitoci, kowa sai an bi shi gida an lallashe shi kamar amarya, asibiti ba ya tafiya da fura da gaisuwa. Na ce abin da ya gina ba tsari ba ne, shi kaɗai ne tsarin. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya bar ni na zazzage, yana jan numfashi a hankali.

"Ka ƙare?" ya ce. "Cikin abin da kac ce akwai gaskiya. Amma ba ita ta kawo ka ba. Tashi ka tahi gidanta."

Sai na ce, "Kawu, kai taka jin ma kunya. In kai kat tahi ba ta iya ce maka a'a."

A wurinmu in ka ɓata wa mutum, tura masa dattijo girmamawa ce, kowa ya san haka. A bayan wannan al'ada na ɓuya, kuma ya gane.

"Ni kaka aike?"

"Ba aike ba na, Kawu, roƙo na."

"To," ya ce. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Na ce zan turo masa mota, ya ce ba ya so. Washegari bayan azahar, cikin zafin bazarar Sakkwato da ko kare ba ya fita, ya sa babbar riga ya tari keke mai ƙafa uku ya tafi gidanta can hanyar Kalambaina. Matarsa ta ce ya dawo riga sharkaf, sai da ya tsaya sau biyu tsakanin zaure da ɗaki yana neman numfashi.

Da yamma ya kira ni. Na ga sunansa na kife wayar. Washegari ya kira sau uku. Tsoro nake ji ya ce ta ƙi, na fi jin tsoro ya sake cewa in tashi in je. Na ce a raina ranar Juma'a zan je in same shi mu yi magana a natse. Kwana biyu da tafiyar, bayan la'asar, ya cika a zaune a inda na bar shi. Likitocin da suka san ciwonsa sun ce zuciyar ta riga ta ƙare, tafiyar ba ita ta kashe shi ba, tsohon likitan tiyata har rantsuwa ya yi mini. Na ji, na kuma yarda kwana ne ya ƙare. Amma yarda daban, samun natsuwa daban, ni dai ban samu ba.

Ranar sadakar uku, ana cikin raba waina, ciyaman ya jawo ni gefe. Ya ce, "Likitan nan ta shigo wurin mata. Yanzu na lokaci. Ka ce mata ta dubi mamaci, ba ta iya ƙi." Ba mugun mutum ba ne, ɗan kasuwa ne, ya ga dama ya nuna mini. Ni kuma da ya kamata in fi shi sani, sai na ji kamar an jefo mini igiya ina cikin rijiya.

Na tsaya kusa da motarta har ta fito, idonta ja. Ta yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, ta yi wa Kawu addu'a mai tsawo. Ta buɗe ƙofar mota. Na ce, "Likita, Kawu dai ya tahi da maganag ga a rai. Ki dubi darajatai, ki janye takardar."

Ta tsaya da hannunta a kan ƙofar. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Ka aiko shi shina da rai, da kumburarrun ƙahwahu," ta ce. "Yanzu shina kabari za ka ƙara aiko shi? Ka bar bawan Allah shi huta."

Ta shiga mota ta tafi. Na tsaya a rana ina jin kamar a gaban Kawu aka faɗa mini.

Kwana biyu na yi a ofis ina jujjuya kujera. Na rubuta wasiƙa na goge, na sake rubutawa na goge. Na fara lissafin wanda zan tura, ko babbar nas, ko liman, ko tsohon likitan tiyata kafin ya koma Zariya. Sai na kama kaina ina yin abin da ya kai ni inda nake. A rana ta uku wani tsoho da sandarsa ya tare ni a baranda, ya ce surukarsa ce za ta haihu farkon damina, cikin fari. "Malam, gaskiya ta likita za ta tashi? In za ta tashi ka hwaɗa min, in san abin da za ni ce ma ɗana." Na ce masa ban sani ba. Na koma ofis na ɗauki makullin mota.

Mijinta na fara gaisarwa a ƙofar gida, malamin makaranta ne mai sanyin hali. Ya kai ni falo ya shiga ya kira ta, ya dawo ya zauna gefe. Ta fito ta zauna, ba ta tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Duk jawabin da na tsara a hanya ya gudu. Na ce, "Likita, na yi miki laihi. Kina ceton rai ni ina rubuta sunanki. Na san inda kike, ban tambaya ba. Ki yahe min."

Ta ce, "Gaban kowa kay yi. Har mai gadi."

Na gane. Na ciro waya na rubuta a guruf ɗin nan dai, cewa ni sakatare na tuhumi likitar mata ba bisa haƙƙi ba, a lokacin tana tiyata, kuma ni na sa taro a ranar awo ban shawarci kowa ba, ina ba ta haƙuri da sauran likitocin da na ambata. Na tura. Wayarta ta yi ƙara a kan kujera. Ta ɗauka ta karanta har ƙarshe, ta sake karantawa, ta ajiye.

"Akwai saura," ta ce. "Ba ni son ɗan aike kuma, ko kai ko wani. Baba, kawunka, ya kyauta muna, Allah shi saka mishi. Amma shekara da shekaru ba mu taɓa jin muryar Alhaji ba sai ta bakinai, shi ma bai taɓa jin tamu ba. Taron ga naka a ci gaba da yi, amma mu ka sa lokaci, bayan an sallami marasa lahiya. Alhaji shi zo shi zamna. In zaginmu za shi yi, shi yi gabanmu, mu ba shi amsa."

Abin da na yi wa Kawu ihu a kai ke nan a zaure, ga shi ta faɗa cikin ladabi, tana sa masa albarka. Na ce na amince, zan gaya wa ciyaman da bakina, in ya ƙi in ajiye tawa takardar.

Na miƙe zan tafi, sai na kasa. Na koma na zauna a bakin kujera. Na ce, "Likita, da Kawu yaz zo, mi yac ce miki? Ya kira ni ban ɗauka ba."

Ta dubi mijinta, ta dube ni.

"Bai roƙe ni in komo ba," ta ce. "Ko sau guda. Ya ce shi ya rene ka, in akwai gyaran da bai yi ba laihinai na, ya zo shi ba ni haƙurin wannan. Nic ce mishi wani asibiti sun aiko min takarda, hannu kawai za ni sa. Yac ce in ba shi kwana bakwai, za ka taho da ƙahwakka. Nic ce, Baba, ba shi zuwa. Yac ce za shi zo. Munka yi ta ja har yay yi dariya, yac ce, ni na san abin da nir rena."

Na ƙirga a raina, tun daga ranar da ya hau keke. Na ce, "Ai kwana bakwai sun wuce."

"Jiya sunka cika," ta ce. "Na ɗauko takardar da sahe, na ɗauko biro. Sai nij ji ba ni son shi zan ya yi kuskure. Nic ce bari in ƙara mishi kwana guda."

Tun da aka binne Kawu hawaye bai zo mini ba, har mutane suna yaba mini dauriya. A falon mutane ya zo, a gaban matar da na ci wa mutunci da mijinta, na kasa tsayar da shi. Ba wanda ya ce in yi shiru. Mijin ya tashi ya kawo mini ruwa.

Ranar Talata likitar ta shiga ɗakin awo da ƙarfe takwas, ta ce wa nas a kira mace ta farko.

Ya Allah, ga Kawu nan ya zo maKa. Ka iske shi da rahama, Ka sanyaya masa makwanci, Ka hutar da ƙafafunsa. Ya tsaya mini shaida a kan abin da ban riga na yi ba, Ka sa in zama yadda ya faɗa. Ni kuma Ka yafe mini kwana ɗayan da na makara, da waɗanda suka gabace shi.